Nauyin ƙirji: olsa ce ko zuciya? Alamomin da ba a kwana da su a gida

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni ɗan kasuwa ne, shekaruna 51. Shekara 4 ke nan da aka ce ina da hawan jini, amma sai na ji ciwon kai nake shan maganin. Kusan wata 2 yanzu, in na hau bene ko na yi sauri don in riski jam'i, sai ƙirjina ya yi nauyi, in na tsaya ya sake ni. Mai kemis ya ce olsa ce, na sha magani ban ga canji ba. Mahaifina ya rasu farat ɗaya yana da shekara 54. Yaya ake gane ciwon zuciya, kuma yaushe ya kamata a ruga asibiti?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara sauƙi, ya jiƙan mahaifinka. Bari a fara da naka tukuna, domin abin da ka kwatanta ba na jira ba ne. Nauyin ƙirjin da ke zuwa in an ɗaga ƙafa, ya lafa in an tsaya, a jikin mai shekara 51 da hawan jininsa ba ya samun magani kullum, wanda kuma mahaifinsa ya faɗi ya rasu bai kai 55 ba, duk likitan da ya san aikinsa zai ɗauke shi a matsayin ciwon jijiyoyin zuciya har sai gwaji ya nuna ba shi ba ne. Daga nesa ba a yanke wa mutum hukunci, amma ka ga likita gobe ko jibi, a asibitin da ke da na'urar awon zuciya. Kada ka ce sai ka shanye kwalbar maganin olsar. Kafin ka je, ka rage sauri, ka bar ɗaukar kaya masu nauyi, ka koma shan maganin hawan jininka kowace rana yadda aka rubuta maka.

Ga dalilin da ya sa bene ne ya tona asirin. Zuciya tsoka ce da ke bugawa wajen sau 100,000 a kwana ɗaya, kuma jinin da ke cikin ɗakunanta ba shi ke ciyar da ita ba. Wasu 'yan jijiyoyi ne da suka kwanta a jikinta ta waje, faɗinsu bai fi milimita 3 zuwa 4 ba. Hawan jini, ciwon suga, taba da yawan kolestarol, wato wani nau'in kitse da ke yawo a cikin jini, suna cin bangon waɗannan jijiyoyi a hankali, kitse ya riƙa taruwa a ciki, hanya tana tsukewa. Kana zaune a shago, ɗan jinin da ke wucewa ya wadatar. Da ka hau bene sai zuciya ta ƙara aiki, jinin ya kasa isarta, sai nauyin ya zo. Ka tsaya, aikin ya ragu, cikin minti 2 zuwa 5 ya wuce. Sanyin hunturu, ɓacin rai da cika ciki da abinci mai nauyi duk suna iya tayar da shi ta wannan hanya.

Olsa da ƙwarnafi kuwa ciki suke bi. Yunwa ce ke tayar da su, ko yaji, ko tsami, ko kwanciya bayan an ci an ƙoshi. Ba ruwansu da matakalar bene. Sai dai a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa: in jijiyar da ke ciyar da ƙasan zuciya ce ta toshe, ciwon yakan zauna daidai ƙahon zuci, da gyatsa, da tashin zuciya, har da amai, mutum ya rantse cikinsa ne. Kuma don an kurɓi maganin ƙwarnafi irin su Gestid an ɗan ji dama-dama, wannan bai wanke zuciya ba, domin ciwon nata ma yakan yi sauƙi ya dawo. Wanda ya haura 40, yana da hawan jini ko suga, aka wayi gari wai ya kamu da sabuwar olsa, a auna zuciyarsa kafin a yarda.

Masu wannan ciwo ba kasafai suke cewa "ciwo" ba. Cewa suke nauyi, ko matsi, ko shaƙewa, ko kamar an ɗora musu buhun hatsi a ƙirji. Ka lura da hannun mai bayani. Mai ciwon zuciya yakan kifa tafin hannu ko ya dunƙule shi a tsakiyar ƙirji, ba ya iya nuna wuri guda da ɗan yatsa. Abin yakan yaɗu zuwa kafaɗa da hannun hagu, wani lokaci na dama ko duka biyu, ko ya hau wuya da muƙamuƙi har a zaci haƙori ne, ko ya ratsa tsakanin allon kafaɗu. Sukar da ke zuwa tsit ta daƙiƙa 2 ko 3 a ƙarƙashin nonon hagu, wadda ake nunawa da yatsa ɗaya, ko wurin da in an danna ya yi zafi, ko in an juya jiki ya motsa, yawanci tsoka ce ko haƙarƙari. Abin takaicin shi ne, saurayi mai irin wannan sukar shi ke zuwa asibiti a firgice, dattijon da nasa ne na gaske yana gida yana cewa iska ce ta tokare shi.

Ranar da ake gudu ita ce ranar da kitsen nan ya tsage. Nan take jini yake daskarewa a wurin, gudan jini ya rufe jijiyar ruf, ɓangaren zuciyar da take ciyarwa ya fara mutuwa. Wannan shi ne bugun zuciya. Tsokar takan fara mutuwa bayan minti 20 zuwa 30 da toshewar, cikin awa 6 zuwa 12 yawancin ɓarnar ta gama aukuwa, kuma naman da ya mutu ba ya farfaɗowa, tabo yake komawa. Nauyin iri ɗaya ne da wanda ka sani, sai dai ya fi tsanani, yana iya zuwa ana zaune ko ya tayar da mutum daga barci, kuma hutu ba ya kore shi. Gumi mai sanyi yakan karyo ko da fanka na kaɗawa, ga haki, ga jiri, fuska ta koɗe, wani ma ya ji a ransa cewa lokaci ne ya yi.

Saboda haka ga ma'aunin da za ka riƙe. In nauyin ya zo, ka tsaya, minti 5 ya wuce bai lafa ba, ko ya zo da gumi, haki, amai ko jiri, asibiti a take, ko ƙarfe 2 na dare ne. Haka in salonsa ya canza: da sai ka kai hawa na biyu yake zuwa, yanzu daga ɗaki zuwa ƙofar gida; da sau ɗaya a mako, yanzu kullum; ko ya fara zuwa kana kwance. Wannan canji yana nuna kitsen ya fara tsagewa, kuma sau da yawa shi ne gargaɗin ƙarshe. Mai irin wannan canji ba a ba shi ranar ganin likita, sashen gaggawa ake kai shi a yinin.

A 'yan mintocin farko, mai ciwon ya zauna ya jingina, a sassauta masa tufafi, ya daina kai-kawo. Kada ya tuƙa mota ko ya hau babur da kansa, domin a awar farko ne zuciya ta fi saurin rikicewa ta tsaya. A Najeriya akwai lambar gaggawa ta 112, a kira ta, amma a lokaci guda wani ya fita neman motar maƙwabci ko adaidaita sahu, duk wanda ya riga zuwa a shiga. A ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, taunawa ta fi haɗiyewa saurin kai shi jini. In ƙananan nan ne na miligiram 75 irin su Vasoprin, guda 4. Asfirin yana hana gudan jinin ƙara girma. Ba a bayar da shi ga wanda jikinsa ba ya karɓarsa, ko mai olsar da ke zubar da jini, wato mai aman jini ko baƙin bayan gida, ko yaron da bai kai shekara 16 ba. Kuma kada lafiyayye ya ɗora wa kansa shan sa kullum wai don rigakafi, likita ne ke auna wanda amfaninsa ya rinjayi haɗarin zubar jini a jikinsa.

Inda aka fi yin asara shi ne tsakanin gida da asibiti. A jira gari ya waye. A jira babban ɗa ya dawo daga kasuwa. A biya kemis a ɗaura ƙarin ruwa, alhali zuciyar da ke fama ruwan nan ƙara mata kaya yake yi, yana iya cika huhu. Addu'a da tofi a yi su a cikin mota ana tafiya. A nufi babban asibiti ko asibitin koyarwa mafi kusa, irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na Maiduguri, ko manyan asibitocin Yamai, Maraɗi da Damagaram ga na Nijar. Da isa kada a bi layin kati. A faɗa wa ma'aikacin farko da aka gani: ciwon ƙirji ne, muna zargin zuciya, ya fara ƙarfe kaza. Lokacin da ya fara yana da muhimmanci ƙwarai, a riƙe shi.

Ƙa'ida ita ce a yi gwajin isiji, wanda ake manna wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, cikin minti 10 da isowa. Na farko yana iya fitowa lafiya alhali ciwon na nan, shi ya sa ake maimaitawa, a kuma ɗebi jini a auna tiroponin, wani sinadari da ke fita daga tsokar zuciya in ta ji rauni. Shi ma ba ya hawa nan take, akan sake ɗiba bayan 'yan awoyi. In aka ce ku zauna a jira na biyu, ba ɓata muku lokaci ake yi ba. Idan jijiya ta toshe gaba ɗaya, akwai allurar narkar da gudan jini, wadda ta fi aiki a awa 2 zuwa 3 na farko, bayan awa 12 kuma ba a cika yin ta ba. Akwai kuma aikin zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko matsematsi a buɗe wurin a kafa 'yar raga, amma cibiyoyin da ke yin sa kaɗan ne, a manyan birane suke.

Ba kowa ne ciwon ke zo wa da nauyin ƙirji ba. Mata, tsofaffi da waɗanda suka daɗe da ciwon suga sukan zo da haki kawai, ko wata irin kasala ta ba gaira ba dalili, ko amai da gumi, ko ciwon baya da muƙamuƙi, tsoho kuma ya rikice ya daina gane mutane. Suga yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, sai a yi bugun zuciya ba a ji ciwon kirki ba. Mai suga da gumi ya karyo masa farat ɗaya, a auna sugan. In bai faɗi ba, a tuna da zuciya.

Akwai wurare biyu da asfirin ke iya zama illa. Na ɗaya, in baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, magana ta sarƙe. Wannan shanyewar ɓarin jiki ce, kuma tana iya kasancewa jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Ba a ba mai ita komai ta baki, ko ruwa, domin yana iya sarƙe shi. Asibitin da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa za a nufa, kuma maganin narkar da gudan jini a nan awa 4 da rabi kawai yake da shi. Na biyu, ciwo mai yaga da ya zo da dukkan ƙarfinsa tun daƙiƙar farko ya ratsa zuwa gadon baya, musamman ga mai hawan jini. Babbar jijiyar da ke fita daga zuciya ce ake tsoron ta tsage. Sai kuma hakin da ya faɗo wa mutum farat ɗaya, da suka in ya ja numfashi, ga sharaɓar ƙafa ɗaya ta kumbura, bayan tiyata, haihuwa, doguwar jinya ko doguwar tafiya a zaune: gudan jini ne ya tashi daga ƙafa ya je huhu, shi ma na gaggawa ne.

Duk da haka, a ƙasashenmu abin da ya fi cika gadajen masu ciwon zuciya shi ne gazawar zuciya, wadda mutane ke cewa zuciya ta kumbura, kuma hawan jinin da aka yi sakaci da shi ne kan gaba wajen jawo ta. Shekara da shekaru zuciya na tura jini da ƙyar, bangonta ya yi kauri, daga baya ta saki ta buɗe, ta kasa kwashe jinin da ke dawo mata. Ruwa sai ya taru a baya, a huhu da ƙafafu da ciki. Ita a hankali take shigowa, shi ya sa ake ba ta wasu sunaye. A ce tsufa, a ce asma, a ce sanyi, a ce sammu.

Alamarta ta farko haki ne a aikin da da ba ya sa haki. Masallacin da ake zuwa a numfashi ɗaya, yanzu sai an tsaya a hanya. Wani in ya sunkuya ɗaura takalmi ko ya yi ruku'u da sujada sai numfashi ya ɗauke. Daga nan kwanciya ta gagara: filo ɗaya ya koma 2, ya koma 3, har a koma kwana a jingine da bango. Wadda ta fi fitowa fili ita ce ta tsakar dare. Mutum ya yi barcin awa 1 ko 2, ya farka a firgice yana neman iska, ya tashi zaune ko ya buɗe taga, sai bayan kusan rabin awa ya dawo daidai. Abin da ke faruwa shi ne ruwan da ya yini a ƙafafu yana komawa cikin jini in an kwanta, zuciya ta kasa ɗauka, ya malala huhu. Tarin dare mara jin maganin tari ma daga nan yake.

Kumburin kuwa daga idon sawu yake farawa, ƙafa biyu, ya fi yawa da yamma, takalmi ya matse. Ka danna babban yatsa a kan ƙwauri, ɗan sama da idon sawu, ka riƙe daƙiƙa 5, ka ɗaga. In wurin ya loɓa ya zauna a loɓe, ruwa ne. Ciki yakan cika, loma kaɗan a ƙoshi, gefen dama ya yi nauyi saboda hanta ta tara jini. Ba kowane kumburi ne na zuciya ba: na ƙoda yakan fara da fuska da safe, fitsari na kumfa, kuma amlodifin, maganin hawan jinin da aka fi rubutawa, shi ma yana kumbura ƙafa. Gwaji ne ke rabewa. Mai waɗannan alamu ya ga likita cikin kwana 1 ko 2. Wanda kuwa ke haki yana zaune, ba ya iya ƙarasa jimla, yana kakin kumfa mai ruwan hoda, harshe ya yi shuɗi-shuɗi, a ɗauke shi yanzu, kuma a zaune za a kai shi, kada a kwantar da shi a kujerar baya.

Wanda aka riga aka gano masa wannan ciwo ya mallaki sikeli. Ya hau kowace safiya bayan ya yi fitsari, kafin karin kumallo. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne ba ƙiba ba, a tuntuɓi likita tun haki bai zo ba. Abubuwan da suka fi mayar da irin waɗannan majiyyata gadon asibiti sanannu ne: barin magani don an ji sauƙi, gishiri da ɗunƙulen ɗanɗano da kanwa, da magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak, ibufurofen da Feldene, waɗanda ke sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Ƙwayoyin sha-ka-fashe ma haka suke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin ɗunƙule da burodi.

Tunda kai magidanci ne, akwai wadda ta shafi iyali kai tsaye. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da gazawar zuciya ta masu jego ta fi yawa a duniya. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka ba da rahoton kusan mace 1 cikin haihuwa 100, kuma wani babban bincike na ƙasa da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2020, ya samu kusan wannan adadi a Arewa maso Yamma. Da an fi ɗora laifin a kan kunun kanwa da wankan jego. Binciken baya-bayan nan ya fi nuna rama, talauci da hawan jinin masu ciki, wasu nazarce-nazarce a Yamai da Kano kuma suka nuna ƙarancin sinadarin seleniyam. Amma kanwa gishiri ce, mai kumburi ko haki ba ta da abin yi da ita. Ciwon yakan bayyana daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata 5 bayan haihuwa. Mai jegon da ke haki in ta ɗauki jariri, ba ta iya kwanciya sai a jingine, tana tarin dare, kumburinta na ƙaruwa maimakon ya sace, kada a ce gajiyar haihuwa ce, kada a jira arba'in. Da yawa zuciyarsu na farfaɗowa in an fara magani da wuri. Wadda ta taɓa yi kuma kada ta sake ɗaukar ciki sai an yi mata hoton zuciya likita ya ga ta koma daidai, domin cikin da aka ɗora a kan zuciyar da ba ta warke ba yana iya tafiya da rai.

Faɗuwar gaba da bugawar zuciya da ƙarfi sun fi kowace alama tayar da hankali, amma yawancinsu ba daga zuciyar ba ne. Ƙarancin jini, zazzaɓi, damuwa, rashin barci, goro, gahawa, lemon ƙara kuzari, maganin asma da ciwon maƙoƙo duk suna sa su. Ka koyi jin bugunka: yatsu 2 a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ka ƙirga minti ɗaya cur. Na babba a zaune 60 zuwa 100 ne. Abin nema shi ne tsari. Bugun da ba shi da kan gado sam, wani da sauri wani a makare, yana iya zama rikicewar ɗakunan sama na zuciya, wadda ke ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5, ko da mutum ba ya jin komai. A yi isiji a makon. Bugun da ya haura 120 ana zaune ba zazzaɓi ya ƙi sauka, ko ya gaza 40, tare da jiri, haki ko nauyin ƙirji, na gaggawa ne.

Suma ma iri-iri ce. Wanda ya daɗe a tsaye cikin rana, ya ji jiri, ido ya yi duhu, ya sulale, ya farfaɗo da an kwantar da shi, yawanci ba abin tsoro ba ne. Wadda ake tsoro ita ce ta wanda ya yanke jiki ya faɗi ba gargaɗi, ko yana tsakiyar gudu ko ƙwallo, ko yana zaune ko kwance, ko wanda a danginsa an taɓa yin matashin da ya mutu farat ɗaya. Irin wannan ya bar motsa jiki mai ƙarfi sai an duba shi. Samuel Okwaraji yana da shekara 25 ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola, Marc-Vivien Foé na Kamaru yana da 28 ya faɗi a Faransa a 2003, duka biyun ciwon zuciya ne da ƙarfin jikinsu ya ɓoye. Christian Eriksen na Denmak ya faɗi haka a 2021, amma aka fara danna masa ƙirji nan take, aka girgiza zuciyar da na'urar lantarki, ya tashi har ya koma wasa.

Wannan dannawar kowa a gida ya kamata ya iya ta. Mutum ya faɗi, an kira shi an jijjiga kafaɗarsa bai amsa ba, ba ya numfashi, ko yana wani jan numfashi jefi-jefi mai kama da gargara: zuciya ta tsaya. Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Ba lokacin yayyafa ruwa ba ne, ko fifita, ko cusa cokali a baki, ko ɗura madara. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, katifa tana shanye ƙarfin dannawa. A ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe, a danna da nauyin jiki zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau 2 a daƙiƙa, ana barin ƙirjin ya taso bayan kowace dannawa. Wanda bai koyi hura numfashi ba ya ci gaba da dannawa kawai. A riƙa karɓar juna duk minti 2, domin hannu na gajiya. Haƙarƙari yana iya karyewa, wannan yana warkewa. In mace ce, kunya kada ta sa a tsaya, ana yi ta kan riga. Wani kuma ya nemo agaji tun daga farko.

Yara a taƙaice. Kusan jariri 1 cikin 100 ana haifarsa da matsalar zuciya. Jaririn da ke gumi in yana shan nono, ya kama ya saki yana haki, ba ya ƙara nauyi, ko harshensa da dasashinsa na yin shuɗi in ya yi kuka, a kai shi. Ga 'yan shekara 5 zuwa 15 kuma, ciwon maƙogwaro da zazzaɓi aikin asibiti ne, ba na wanzami a cire belu ba. Wata ƙwayar cutar maƙogwaro in ba a kashe ta da fenisilin ba, bayan mako 2 zuwa 3 yaro yakan tashi da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi mai yawo daga gwiwa zuwa idon sawu zuwa gwiwar hannu, a ƙarshe ƙofofin zuciya su lalace. Wanda ya taɓa yi ana ɗora shi kan allurar fenisilin duk mako 3 ko 4 na tsawon shekaru, kuma tsallake allurar ne ke kai matasa ga tiyata.

Mu dawo kanka Alhaji. Shan magani sai an ji ciwon kai shi ne babban kuskuren da ke cikin tambayarka. Hawan jini yawanci ba ya ciwo, mutum na iya yawo da 180 yana jin garau. Maganar cewa maganin na bin jiki ko yana kashe ƙoda ba ta da tushe. Hawan jinin da aka bari shi ke kashe ƙodar. Ka sayi na'urar awo ta dantse. Ka zauna minti 5, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba goro ba shayi ba taba rabin awa kafin nan, ka auna sau 2 da tazarar minti ɗaya, safe da dare, ka rubuta. A asibiti 140 bisa 90 ne iyaka, a gida 135 bisa 85. In ka ga 180 bisa 120, ka huta ka sake. In yana nan, likita a yinin, in kuma da ciwon ƙirji, haki, dishi-dishin gani ko nauyin baki, sashen gaggawa. Kada ka haɗiye ƙwayoyi 2 ko 3 don ka faɗo da shi lokaci guda, saukar gaggawa tana iya yanke wa ƙwaƙwalwa jini. Da azumi ma ba a barin magani, lokacin shan ake gyarawa da likita.

A asibiti za a yi maka isiji, kuma kada ka yi mamaki in ya fito lafiya, domin mai irin ciwonka in yana kwance ba ya jin nauyin, sau da yawa takardar ba ta nuna komai. Shi ya sa ake ƙarawa da hoton zuciya na eko, da gwajin da ake sa mutum tafiya a kan na'ura ana kallon zuciyarsa, da awon suga, kolestarol, ƙoda da yawan jini. In an tabbatar, akan haɗa asfirin, maganin rage kolestarol, mai rage gudun zuciya, da wata 'yar ƙwaya ko feshi na ƙarƙashin harshe. Ita wannan a zaune ake sa ta don tana sa jiri, in minti 5 ya wuce nauyin bai tafi ba a sa ta biyu a kama hanyar asibiti. Ba a haɗa ta da Viagra da danginsa, jini na iya faɗuwa warwas, kuma da yawa daga magungunan ƙarfin maza da ake tallarsu da sunan na gargajiya akwai wannan sinadari a ciki. In akwai rauni ta wannan ɓangare ka faɗa wa likita ba kunya, domin jijiyoyin wurin sun fi na zuciya ƙanƙanta, sukan riga su nuna alama da 'yan shekaru.

Ranar zuwa ka tafi da duk magungunan da kake sha a cikin kwalayensu, har na kemis da na gargajiya, da takardar awon jininka, da bayanin abin da kake yi in nauyin ya zo da minti nawa yake ɗauka. Ka ambaci shekarun mahaifinka lokacin da ya rasu. Ka kuma gaya wa 'yan'uwanka da kuke uba ɗaya su je a auna musu jini da suga da kolestarol, ko da ba sa jin komai.